Hannun Jibirilla

Tun da Almustafa ya auri Sahadatou, surukarsa ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskarsa ba sai ranar da zai taho Riyad da ɗanta Jibirilla. A ƙofar gidansu da ke Mirriya tsohuwar ta ajiye kunyar surukuta a gefe, ta kama hannun Jibirilla na dama ta danƙa a cikin nasa.

"Ga shi nan," ta ce. "Da hannu biyu da ƙafa biyu na ba ka shi."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta koma cikin gida. Almustafa ya so a ce ta yi doguwar magana, don doguwar magana ana iya mantawa da rabinta a hanya. Wannan gajerar kuwa ta shiga jirgi tare da shi, ta sauka tare da shi, ta samu wurin kwana a ɗakinsu na unguwar Manfuha inda su shida suke cin shinkafa a faranti ɗaya.

Shi kuwa wanda aka ba da amanar tasa ba yaro ba ne. Jibirilla ƙato ne mai wuya kamar turmi, ɗan kokawa da aka sani a ƙauyukan Damagaram, wanda yake taƙama bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Yana da kirki, ba a raba shi da dariya, sai dai jikinsa kullum yana riga kansa isa wuri. In tukunya ta kama da wuta, shi ne zai sunkuce ta da hannu, daga baya ya tambayi inda tsumma yake. Ka ba mutum irin wannan ajiya ka ce a tsare maka, ai ba ka so barcin mai tsaron ba.

Kafilinsu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansu a ƙasar, wani attajiri ne da ake kira Abu Nawwaf. Yana da filin tseren motoci a bayan gari, can gaba da Dir'iyya, inda gine-gine suke ƙarewa rairayi ya fara. Ba irin tseren da ake yi a gama kafin shayi ya huce ba ne. Tun hantsi ake sakin motoci sai faɗuwar rana, direba ya gaji ya sauka wani ya hau, motar da ta fi juriya ita ke cinyewa. A kowace kwana ta filin ana tsayar da mutum biyu a bayan shingen ƙarfe, da tutoci, da tsintsiya, da tukunyar kashe gobara. Almustafa da Jibirilla aka ba kwana mafi tsanani, wadda mota ke zuwa da gudun bala'i sannan ta taka birki kamar za ta durƙusa.

Da farko motocin fetur ne zalla, masu ihu, mutum ya san abin da yake tsoro. Sai Abu Nawwaf ya sayo wa ɗansa Nawwaf sabuwar mota mai ciki biyu: ga injin fetur, ga kuma ƙaton batir a bayan kujerar direba. Tare da motar aka kawo wani injiniya Bature, dogo mai jan wuya, wanda kowa ke kira Muhandis. Shi ya tara ma'aikatan filin a inuwar gareji ya yi musu bayani da guntun Larabci da nuni da hannu. Ya ce duk lokacin da motar ta taka birki, ƙarfin da za ta zubar a banza sai ta haɗiye shi ta cusa a batir, in ta fita daga kwana ta amayo shi ta ƙara gudu. Da haka take tsimin fetur, ta daɗe ba ta shiga shan mai ba.

"To ai wannan raƙumi ne," Jibirilla ya raɗa wa Almustafa. "Ya ci ya ajiye a tozo."

Amma Muhandis bai gama ba. Ya nuna musu wata 'yar fitila a saman motar, kusa da gilashin gaba. Ya ce in kore ce, a taɓa mota ba komai. In ja ce, wutar batir ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfen, kuma wutar ta fi ta gida nesa ba kusa ba. Kada wanda ya taɓa, ko da direba yana ihu a ciki, sai motar ceto ta iso da masu kayan da suka dace. Ya raba musu safar hannu ta roba mai kai wa gwiwar hannu da takalma masu kaurin ƙasa, ya ce ko da su a jiki, ja na nufin a tsaya. Ya ɗaga yatsa ya maimaita da Larabci cewa ja, an hana: "Ahmar, mamnu'. Mamnu'!"

A mota, hanyar komawa Manfuha, Jibirilla ya yi ta kwaikwayon muryarsa har mutane suka riƙe ciki.

"Yaya, ka ji fa," ya ce. "Mutum na ƙonewa, mu tsaya muna kallon fitila. Wannan addinin nasu ne, ba namu ba."

"Ka dai riƙe abin da aka faɗa maka."

"Kai ma tsoron nasu ya kama ka ke nan?"

"Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa," in ji Almustafa.

"Au, ni ne ɗan tsakon?" Jibirilla ya fashe da dariya, ya rungumo wuyansa da hannu ɗaya har sai da Almustafa ya yi tari.

Haka suka yi ta zama. Almustafa ya koyi kallon 'yar fitilar nan duk lokacin da motar Nawwaf ta wuce, har abin ya zame masa jiki, ko a ɗaki ya ga fitilar cajin waya ta yi ja sai ya zabura.

Ranar babban tseren rana ta yi zafin da ba a magana. Safar robar nan kuwa, in ka sa ta a zafin Riyad, hannunka dahuwa yake yi a ciki. Da la'asar ta yi, motoci sun rarrabu, kowace tana zagayenta, Almustafa da Jibirilla suka yi yadda suka saba: ɗaya ya yi salla ɗaya ya tsare kwana. Jibirilla ya fara. Ya zare safar yana tsaki, ya cire takalman, ya tsuguna a bayan shinge da gorar ruwa ya yi alwala. Yana cikin shafar ƙafarsa ta hagu aka ji ƙara.

Motar Nawwaf ce. Ta zo kwanar ta taka birki, bayanta ya kuɓuce, ta juya ta daki shingen ƙarfe a ɗan gaba da su, ta tsaya. Hayaƙi ya fara fita daga bayanta, fari da farko, sannan baƙi. Ƙofar direba ta lotsa, ana ganin hular Nawwaf tana motsi a ciki. Almustafa ya kaɗa tutar haɗari, ya yar da ita, ya sunkuci tukunyar kashe gobara ya tsallaka shinge. Aikinsa ke nan: ya tsaya daga nesa kaɗan ya fesa, ya danne wutar kafin masu ceto su iso. Idonsa ya kai saman motar ba tare da ya aike shi ba. Fitilar ja ce.

A daidai nan wani abu ya wuce shi kamar iska. Jibirilla ne, ƙafa ba takalmi, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunsa, ya miƙa hannu biyu ya nufi ƙofar motar yana kiran sunan Allah.

"Jibirilla! Ja ce!"

Wa ya ji? Almustafa bai tsaya shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Ya saki tukunyar ta faɗi a kan kwalta, ya yi tsalle ya kamo ƙafafun Jibirilla ta baya. Ɗan kokawa bai taɓa tsammanin abokin karawa daga wannan gefen ba. Ya tafi gaba ɗaya, ya juya a iska, bayansa ya daki ƙasa. Almustafa ya haye ƙirjinsa ya danne da duk nauyin da Allah ya ba shi, wanda ba shi da yawa.

"Sake ni! Yaya, sake ni, mutum na ƙonewa!"

"Ba zan sake ka ba."

"Allah ya isa! Sake ni!"

Almustafa ya sha naushi a haƙarƙari, ya sha a kunne, bai sake ba. A bayansa yana jin Nawwaf yana ihu, yana jin tukunyar da ya yar tana gangarawa. Haka suke har motar ceto ta iso, mutane masu kaya kamar na 'yan sama jannati suka sauko, suka kashe wutar, suka kashe batir, suka yanke ƙofa suka fito da direban. Yana da rai, amma wuta ta ci ƙafafunsa.

Ashe wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauki abin a waya. Ya ɗauka daga ɗaya gefen, inda hayaƙi ya rufe saman motar, ba a ganin wata fitila ja ko kore. Abin da ake gani kawai shi ne wani baƙar fata ya jefar da tukunyar kashe gobara, ya kayar da mutumin da ya ruga ceto, ya zauna a kansa, mota na ci da wuta a bayansu. Kafin washegari hoton ya zaga Manfuha, ya tsallaka unguwar Jaradiya, ya haye teku ya isa Damagaram. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu daga wane gefe mai ganin ya tsaya.

A ɗaki aka ajiye farantin shinkafa kamar kullum. Almustafa ya wanke hannu ya zauna, Jibirilla ya tashi ya ɗebi tasa a murfin tukunya ya koma bakin ƙofa. Sauran mutanen ɗakin suka sunkuyar da kai, kowa ya ci gabansa da sauri.

"Jibirilla," Almustafa ya ce, "fitilar ja ce. Hannunka da ruwa, ƙafarka ba takalmi. Da ka taɓa ƙarfen nan..."

"Da na taɓa da na fito da shi."

"Da gawarka za a fara fitarwa."

"Kai ka ga ja. Ni ban ga komai ba sai ɗan mutane yana ƙonewa." Ya ajiye murfin. "Kuma ko jar ce, mutuwa ai ɗaya ce, Yaya. Ka san abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton nan? Wai ga zakaran Mirriya, tsoho ya shimfiɗe shi. Ta baya ka zo mini. Ko a fage ba a yi wa mutum haka."

 Abin da ya fi ci wa Almustafa rai shi ne akwai gaskiya a wani ɓangare na zargin da ake yi masa, kuma ya sani. Da ya fesa tukunyar nan, wataƙila da wutar ba ta kai ƙafafun Nawwaf haka ba. Hannu biyu gare shi, ba huɗu ba, ya zaɓi abin da zai riƙe da su. In aka mayar da shi kwanar nan sau ɗari, abin da zai zaɓa ke nan, amma wannan bai hana ihun Nawwaf dawo masa a kunne duk lokacin da ya yi shiru ba.

Bayan 'yan kwanaki aka kira shi ofis. Abu Nawwaf yana zaune, idanunsa sun kumbura don rashin barci a asibiti. Bai yi ihu ba, gara ma da ya yi. Ya juya wayarsa ya nuna masa hoton, suka kalla tare har ƙarshe.

"Lesh?" ya ce. "Don me?"

Almustafa ya tattaro Larabcinsa na kasuwa, ya ce fitila, ya ce ahmar, ya ce kahraba, wato lantarki, ya nuna hannunsa ya nuna ƙafa. Abu Nawwaf ya juya ya dubi Muhandis da ke tsaye jikin taga.

Muhandis ya gyara murya ya ce binciken bai kammala ba, amma ga alama gobarar fetur ce kawai, batir lafiyarsa lau. Bai dubi Almustafa ba yayin da yake faɗa.

"Halas," in ji Abu Nawwaf, wato shi ke nan. "Huruj niha'i."

Duk baƙon da ke aiki a ƙasar ya san wannan kalma tun kafin ya iya gaisuwa: fita ce wadda ba dawowa. Almustafa ya fito ya tsaya a inuwar gareji yana kallon gawar motar da aka lulluɓe da tamfol, an kewaye ta da igiya, an kafa alamar kada a matso. Motar da batirinta yake lafiya lau, ita aka yi wa wannan shinge.

Muhandis ya biyo shi, ya tsaya a gefensa kamar mai neman wani abu a aljihu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tamfol.

"Inta sah," ya ce. Wato ka yi daidai. Ya nuna motar, ya damƙe hannunsa ya girgiza shi kamar wanda wuta ta kama, sannan ya nuna ƙasa. "Abokinka, da ya mutu. Nan take."

"To ka faɗa wa Abu Nawwaf."

Baturen ya yi murmushin da ba daɗi a cikinsa. Ya ce in wutar batir ce ta ɓalle, to tambaya ta gaba ita ce wa ya duba batir da safe, kuma shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ciro kuɗi zai cusa masa a aljihu. Almustafa ya matsa baya, kuɗin suka faɗi a ƙasa, ya bar su a nan ya tafi. Ya samu shaidar da yake nema, shaidar da ba ta da baki sai a inuwar gareji.

Da ya gaya wa Jibirilla abin da Muhandis ya ce, Jibirilla ya yi dariyar da ba irin tasa ba.

"A gaban kafili ya ce batir lafiya lau, a bayan gareji ya ce maka wani abu, ba kowa a wurin sai kai. To madalla."

Sahadatou ta kira Almustafa da rana, lokacin da ta san ba kowa a ɗaki. Ta ce ita ta yarda da shi, amma muryarta irin ta wadda ta gaji da faɗin haka ga mutane ce. Ta ce ta daina zuwa rijiya da safe saboda bakin mutane. Ya tambaye ta Inna fa, wato mahaifiyarta. 

"Ta ga hoton," ta ce. "Ta ce ita ba ta haifi wanda za a hana shi taimakon mutum ba."

"Ba ta ce komai game da hannu biyu da ƙafa biyu ba?"

"Wane hannu?"

"Ba komai," ya ce. Ashe maganar da ya kwana da ita ya tashi da ita duk shekarun nan, mai ita ta faɗa ne ta shiga gida ta ci gaba da tankaɗe.

Amma ba wannan ne ya fi zafi ba. Abu Nawwaf mutum ne mai sakayya, ga mugu ga nagari. Ya aika aka kira masa gwarzon da ya ruga ceton ɗansa ƙafa ba takalmi, ya sumbaci goshinsa a gaban jama'a, ya ce irin wannan ba a barinsa a bakin kwana da tsintsiya. Ya mayar da shi cikin gareji, cikin waɗanda ke tarbar mota in ta shigo shan mai da canjin taya. An riga an yi odar wata sabuwa mai ciki biyu, irin waccan sak, kuma Muhandis ɗin nan dai shi ne zai duba batirinta da safe. Daga yanzu aikin Jibirilla shi ne ya ɗora hannu a jikin ƙarfenta, da gudu, duk lokacin da ta tsaya.

Ranar tafiyar Almustafa, da hantsi, motar da za ta kai shi filin jirgi ta tsaya a bakin layinsu, gaban shagon mai gyaran waya. Mutanen ɗaki suka fito da jakarsa, aka yi ta a yafi juna. Jibirilla ya sauko daga ƙarshe cikin sabuwar rigar gareji mai sunansa a ƙirji, yana jiran motar aiki. Rigar ta yi masa kyau, abin haushi.

Almustafa ya matsa kusa da shi. Ya shirya maganganu da yawa, duk suka watse suka bar guda ɗaya.

"Jibirilla, ka zage ni yadda kake so. Amma don Allah, don darajar Inna, kafin ka taɓa motar nan ka ɗaga kai ka dubi fitilar."

"Ka gaida gida, Yaya."

"In ka ga ja..."

"Na ji. Direba na jiranka."

Almustafa ya miƙa masa hannu. Jibirilla ya dubi hannun, ya dubi titi, sannan ya zura nasa biyun a aljihun sabuwar rigar. Lafiyayyun hannuwa ne, masu kauri, ba ƙuna ba tabo, yatsu cif. Almustafa ya tsaya da nasa a miƙe har sai da ɗaya daga cikin mutanen ɗaki ya ji kunya ya kama ya girgiza.

Ya shiga mota. Da suka kai ƙarshen layi ya waiwaya, ya hango motar aiki ta iso, Jibirilla ya ruga ya kama ƙarfen ƙofarta ya haye tun ba ta gama tsayawa ba.